FASHIN BAƘI: Me ke hargitsa manhajar rubutu da zarar an buɗe ta, kuma yaya ake gano mai laifi ba tare da an ƙona data ba?

A ɗauka wata matashiya ce a garin Gummi, ta shafe kwana uku tana tattara bayanan ayyukan mazaɓu: rijiyoyin burtsatse nawa aka rubuta a kasafin kuɗi, nawa aka haƙa, nawa ne ke ba da ruwa a yau. Da daddare ta rufe kwamfutarta alhali fayil huɗu na jere a gabanta, biyu a dama biyu a hagu, jerin fayilolin aikin kuma yana gefen da ya saba zama. Gari na wayewa ta buɗe, cajin da ya rage a batir bai fi na minti arba'in ba. Sai ta tarar wani shafin maraba ya mamaye tsakiya, jerin fayilolin ya yi ƙaura zuwa ɗaya gefen, ga wata taga a buɗe fayau babu ko harafi ɗaya a cikinta, fayil na huɗun kuwa, wanda ba ta kai ga adanawa ba, ko sama ko ƙasa.

Shawarar da za ta fara samu, daga abokin karatu ko daga mai shagon gyara, ita ce ta cire manhajar ta sauke sabuwa. A cikin duk abin da za a iya yi, wannan ya fi tsada, kuma shi ya fi ƙarancin amfani. Manhajar ba ta lalace ba. Abin da ya faru shi ne hannu biyu ko uku sun yi rububin shirya ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya, kowanne da nasa tsarin. Aikin da ke gabanta shi ne ta gano hannuwan.

Su wa abin ya shafa?

Manhajar da ake magana a kai ba irin Microsoft Word ba ce mai ƙawata takarda. Manhaja ce ta rubutu zalla, wadda masu sana'ar ke kira edita, kodayake ba editan jarida ba. Da ita ake rubuta shirye-shiryen kwamfuta, da ita ake gyara shafukan intanet, da ita kuma ake tsaftace dogayen jerin bayanai kafin a zuba su a jadawali. Waɗanda suka fi yawo a hannun jama'a su ne Notepad++, wadda Don Ho ya fitar a 2003, da Visual Studio Code ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 2015 kuma ake taƙaita sunanta da VS Code, sai Vim ta Bram Moolenaar, wadda ke nan tun 1991, da 'yar'uwarta Neovim da ta ɓalle daga gare ta a 2014.

Masu buƙatar irin wannan kayan aiki a yammacin Zamfara sun fi yadda ake zato. Akwai masu koyon rubuta manhaja, musamman tun da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023, da burin horas da mutum miliyan uku a faɗin ƙasa. Akwai ma'aikatan shigar da bayanai na asibitoci da ƙungiyoyin agaji. Akwai kuma masu bin diddigin kuɗin gwamnati, kuma wannan yanki yana da tarihi a nan: gubar dalma da aka gano a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, ta kashe yara kimanin 400, kuma jinkirin fitar da kuɗin tsaftace Bagega ne ya haifar da fafutukar Follow The Money a 2012, wadda Hamzat Lawal na cikin waɗanda suka assasa ta. An saki kuɗin a farkon 2013. Duk wanda ya gaji wannan aiki a yau, a ƙarshe abin da yake riƙe da shi fayil ne mai layi-layi na sunayen ƙauyuka da adadi da kwanan wata. Idan fayil ɗin ya ɓace, tafiyar da aka yi a kan babur don tattaro shi ba lallai hanya ta sake ba da damar maimaita ta ba.

Daƙiƙun farko

Daga lokacin da aka danna manhajar zuwa lokacin da ta tsaya cak a allon kwamfuta, abubuwa uku ne ke faruwa, kusan a jere. Da farko tana karanta saitinta, wato dokokin da mai ita ya gindaya mata. Sannan ta ɗauko bayanin zaman da ya gabata: waɗanne fayiloli ne a buɗe, yaya aka raba tagogi, ina aka tsaya da rubutu. Daga nan sai ta tashi fulogin ɗin da aka maƙala mata.

Fulogin ƙananan manhajoji ne da wasu mutane daban suka rubuta don ƙara wa babbar iyawa. Wannan yana nuna jerin fayiloli a gefe, wancan yana gyara kuskuren rubutu, wani yana tuna ayyukan da aka buɗe kwanan baya, wani kuma ado ne kawai. Waɗanda suka rubuta su galibi ba su san juna ba, kuma kowanne ya gwada nasa ne a kwamfutar da babu na ɗayan. Matsalar tana tasowa ne daga rukuni uku da duk suke ganin lokacin buɗewa nasu ne. Na farko mai dawo da zaman jiya, wanda ke cewa a mayar da komai yadda yake. Na biyu mai shafin maraba, wanda ke duba ko babu fayil a buɗe, idan ya ga babu sai ya shimfiɗa nasa shafin. Na uku mai jerin fayiloli ko mai kula da fagen aiki, wanda aka umarta ya buɗe kansa a gefe kowace safiya.

Kowannensu shi kaɗai daidai yake. Amma idan mai shafin maraba ya riga mai dawo da zama farkawa, zai duba ya ga ɗaki babu kowa, ya shimfiɗa tabarmarsa. Can sai mai dawo da zama ya iso da fayil huɗu ya rasa inda zai jera su yadda suke jiya. Mai jerin fayiloli kuma ya buɗe tagarsa, alhali mai dawo da zama shi ma ya taho da hoton tagar jiya, sai a wayi gari da biyu, ɗaya mai rai ɗaya fanko. Wanda ya saba ganin aiki ɗaya da allon sanarwa biyu a bakinsa, na gwamnatin jiha da na ɗan majalisa, kowanne na cewa shi ya yi, ba zai sha wahalar fahimtar yanayin ba.

Akwai abin da ke ƙara rikita mai nema. A VS Code fulogin ba sa farkawa gaba ɗaya kuma ba sa bin layi tsayayye. Wasu na tashi tun farko, wasu sai an gama buɗewa, wasu sai an taɓa wani nau'in fayil. Haka abin yake a Neovim ga wanda ya saita a jinkirta loda wasu don gudun nauyi. Saboda haka wanda ya riga wani yana iya sauyawa daga rana zuwa rana. A sabuwar kwamfuta mai sauri tazarar ba ta kai a lura da ita ba. A tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo mai faifan ajiya na juyawa da ƙwaƙwalwar gigabayit 4, wadda kuma ke rage gudu da kanta idan an cire ta daga wuta, tazarar na iya buɗewa har rikicin ya bayyana. Shi ya sa malami a Abuja zai rantse cewa saitin da ya bayar lafiya lau yake, ɗalibinsa a Bukkuyum shi ma ya rantse cewa ba ya aiki, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Kafin a taɓa komai

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne rufewa a sake buɗewa da fatan abin zai warware. Yawancin waɗannan manhajoji suna rubuta bayanin zama ne a lokacin rufewa. Wanda ya rufe a kan hargitsattsen tsari ya mayar da hargitsin shi ne sabon abin tunawa, ya kuma binne na jiya mai kyau.

Don haka matakin farko kwafi ne, tun manhajar na buɗe. A kwamfuta mai Windows, idan aka danna maɓallin Windows tare da R aka rubuta %AppData%, za a ga folda mai suna Notepad++ ko mai suna Code, gwargwadon wadda ake amfani da ita. A kwafe ta ɗungurungum zuwa filashi ko wani wuri daban. A cikin ta Notepad++ akwai session.xml mai riƙe da jerin fayilolin da ke buɗe, da config.xml mai riƙe da matsayin tagogi da na allunan fulogin, da kuma wata folda mai suna backup. A can ne rubutun da ba a adana ba yake kwana, domin manhajar na ɗaukar kwafinsa duk bayan 'yan daƙiƙu idan ba a kashe wannan saitin ba. A cikin ta Code kuma sunan wurin Backups. Fayilolin da ke ciki ba lallai su zo da sunan da aka sani ba, amma ana iya buɗe su ɗaya bayan ɗaya da Notepad na Windows a duba. Sau da yawa fayil na huɗun da matashiyar Gummi ke nema yana nan zaune. Vim kuwa tana barin fayil mai ƙarewa da .swp, kuma umarnin vim -r yana nuna abin da za a iya cetowa bayan ɗaukewar wuta.

Wannan ne kuma ya bayyana dalilin da sake saukewa ba ya magani. Cire VS Code ba ya taɓa foldar Code da ke cikin AppData, ba ya kuma taɓa foldar .vscode da fulogin ke zaune a ciki. Mutum zai kashe wajen megabayit 100 na data ya ɗora sabuwa, ta buɗe ta tarar da tsofaffin masu rigimar suna jiran ta. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Notepad++ ita tana tambaya lokacin cirewa ko a bar saitin mai ita. Wanda ya ce a share don ya huta yana iya haɗawa da kwafin rubutun da bai adana ba, garin neman gira a rasa ido.

Gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo

Bayan kwafi, tambayar farko ita ce: fulogin ne, ko kuwa bayanin zaman ne ya gurɓace? Kowace manhaja tana da hanyar buɗe ta tsirara. Notepad++ ana buɗe ta da notepad++ -noPlugin, VS Code da code --disable-extensions, Vim da Neovim kuma da ƙarin --clean a gaban sunansu. Masu Emacs suna da emacs -Q. Idan tagogi suka zauna lafiya a haka, an san rigimar daga fulogin take.

Idan ba su zauna ba, sai gwaji na biyu: a buɗe ba tare da tarihin jiya ba. A Notepad++ wannan shi ne -nosession. A VS Code ana iya ba ta sabuwar folda fanko ta hanyar --user-data-dir, sai ta tashi kamar yau aka haife ta, ba tare da an goge komai na tsohuwar ba. Idan wannan ya gyara, to abin da aka ajiye ne ya lalace, kuma a yankin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, batir kuma ya tsufa, wannan ba baƙon abu ba ne: kwamfutar ta mutu ne manhajar na tsakiyar rubuta bayanin zamanta. Maganin ɗan ƙarami ne. A Notepad++ a rufe ta, a sauya wa session.xml ko config.xml suna, ta ƙirƙiri sabo da kanta. A VS Code a danna Ctrl da Shift da P, a nemi View: Reset View Locations, alluna su koma mazauninsu na asali. Sauya suna ya fi gogewa, domin ana iya komawa baya.

Raba biyu

Idan an tabbatar fulogin ne, saura a san wanne. Mai fulogin 32 da ya ce zai kashe su ɗaya-ɗaya yana iya buɗewa da rufewa sau 31, batir kuwa ba zai jira shi ba. Hanyar da ta fi ita ce a kashe rabi a bar rabi. Idan matsalar na nan, mai laifin na cikin waɗanda aka bari. Idan ta tafi, yana cikin waɗanda aka kashe. Sai a sake raba rukunin da ake zargi gida biyu. Daga 32 a koma 16, sai 8, sai 4, sai 2, sai 1. Buɗewa biyar ke nan. VS Code ta mayar da wannan dabara umarni tun ƙarshen 2020, mai suna Help: Start Extension Bisect, ita ke kashewa da kunnawa, mai kwamfuta yana amsa mata ko matsalar na nan ko ta tafi. Ba ya buƙatar intanet.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke yanke hukunci da wuri. Raba biyu suna ɗaya yake bayarwa, rigima kuwa ta mutum biyu ce. Fulogin ɗin da aka kama yana iya zama lafiyayye idan shi kaɗai ne, kuma yana iya zama wanda aka fi buƙata. Kafin a kore shi, a bar shi a kunne, a sake raba sauran biyu-biyu har abokin faɗansa ya fito. Umarnin Developer: Show Running Extensions yana taimakawa, domin yana nuna waɗanda suka farka lokacin buɗewa da tsawon lokacin da kowanne ya ci. Wanda bai tashi ba sai an buɗe wani nau'in fayil, da wuya a ce shi ya hargitsa tagogi tun daga ƙofa.

Da an san su biyun, hukuncin ba ya wuce a ba ɗaya ragamar buɗewa a karɓe daga hannun ɗayan. A VS Code akwai saiti biyu da suka fi shiga wannan magana. Na farko window.restoreWindows, wanda ke faɗin ko a dawo da tagogin jiya duka, ko ɗaya, ko babu. Na biyu workbench.startupEditor, wanda ke faɗin abin da za a nuna idan babu abin dawowa. Mayar da shi none yana kawar da shafin maraba na manhajar kanta. Wanda ya ɗora fulogin mai tuna ayyuka ya kamata ya zaɓa: ko dai manhajar ta riƙa dawo da zama, ko fulogin ɗin, ba duka biyun ba. Gaskiyar magana ma, yawancin masu koyo sun tara abin da ba su buƙata ne saboda wani bidiyo ya ce a ɗora. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Masu Vim da Neovim sun fi kowa sanin wannan ciwo, domin su da hannunsu suke harhaɗa komai. Sanannen misali shi ne na NERDTree, mai nuna jerin fayiloli. Idan aka adana zama da :mksession alhali tagarsa na buɗe, sai zaman ya dawo da wata taga fanko mai ɗauke da sunansa, domin abin da ke cikinta ba fayil ne na gaske ba, fulogin ɗin ne ke zana shi duk lokacin da ya tashi. Ana magance shi ta hanyar rufe jerin kafin a adana zama a sake buɗe shi bayan an dawo, ko a cire blank daga sessionoptions. Umarnin :verbose autocmd VimEnter yana fallasa duk wanda ya yi rajistar yin wani abu a lokacin buɗewa, har da fayil ɗin da ya fito, :scriptnames kuma yana nuna wanda ya riga wani shigowa. Wani abin lura a gefe: shafin farko na Vim, wanda fulogin ɗin ado ke rufewa, shi ne wurin da Moolenaar ya shafe shekaru yana roƙon masu amfani da manhajarsa su taimaki yara marasa galihu a Yuganda. Ya rasu a watan Agusta na 2023.

Idan a folda ɗaya kawai abin ke faruwa

Wani lokaci manhajar lafiya take a ko'ina, sai an buɗe wani aiki guda. A nan ba a kan kwamfutar laifin yake ba, a cikin foldar aikin yake. VS Code tana barin kowane aiki ya zo da nasa saitin, a cikin wata ƙaramar folda mai suna .vscode da ke tafiya tare da shi, kuma a yawancin al'amura saitin aiki yana danne na mai kwamfuta. Ɗalibin da ya kwafo aiki daga filashin abokinsa ko daga GitHub ya kwafo har da ɗabi'un mai shi. A ciki akwai settings.json, akwai extensions.json mai ba da shawarar a ɗora wasu fulogin, akwai kuma tasks.json, wanda ake iya saita shi ya gudanar da umarni da zarar an buɗe foldar. Baƙar tagar da ke faɗowa daga ƙasa ba a kira ta ba, sau da yawa daga nan take.

Wannan na ƙarshen ya wuce batun tsarin tagogi. Folda da ke iya gudanar da umarni da kanta folda ce da ke iya yin ɓarna. Shi ya sa tun 2021 VS Code ke tambaya ko an amince da waɗanda suka rubuta fayilolin kafin ta sake musu mara. Mutane na danna amincewa ba tare da karantawa ba, kamar yadda ake sa hannu a takardar halartar taro. Ga foldar da ba a san asalinta ba, ƙin amincewa ya fi, a leƙa cikin .vscode tukuna. Idan kuma wani fulogin ne ke rigima da aiki ɗaya kawai, ana iya kashe shi a wannan aikin kaɗai a bar shi yana aiki a sauran.

Akwai kuma matsaloli biyu da ake ɗora wa fulogin alhali ba ruwansu, ko kuma da ɗan ruwansu kaɗan. Wanda ya haɗa kwamfutarsa da majigi a wurin taron horaswa, ya ja manhajar zuwa can, ya zare waya bai dawo da ita ba, gobe tana iya buɗewa a allon da babu shi. Alamarta na ƙasa, ita ba a ganin ta. Riƙe maɓallin Windows da Shift tare da kibiyar hagu ko dama yakan jawo ta. Ta biyun ta masu rubutu da Hausa ce. Wasu tsare-tsaren madannai suna fitar da ƙ da ɗ da ɓ ne ta haɗa harafin da maɓallin Alt na dama, Windows kuwa tana ɗaukar wannan maɓalli a matsayin Ctrl da Alt a haɗe. Idan wani fulogin ya riga ya kama wannan haɗin don buɗe allonsa, mai rubutu zai nemi ƙ ya ga taga ta faɗo. Ba tsarin buɗewa ne ya lalace ba. A shiga jerin gajerun hanyoyin madannai a sauya wa fulogin ɗin haɗi.

Abin da allo ke tonawa

Duk bayanin da ya gabata ya ɗauka cewa dawo da zaman jiya alheri ne. A Anka da Bukkuyum ba kullum ba. Bayan hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin kuma suka ce adadin ya kai wajen 200. Irin wannan saɓani ba ya warwarewa sai da jerin sunaye, kuma wani ne ke zama ya rubuta jerin: wane ne ya rasu, wa ya shaida, wane ƙauye ne aka ɗora wa haraji, nawa aka biya. Mai riƙe da irin wannan fayil, idan ya buɗe kwamfutarsa a shagon caji, ko a tasha, ko a shingen bincike inda aka ce ya kunna a gani, manhajar da ke da kyakkyawar tunawa za ta shimfiɗa aikin daren jiya a gaban duk wanda ke tsaye a bayansa.

Ga mai irin wannan aiki, tsarin buɗewa mafi kyau shi ne fanko. A VS Code a mayar da window.restoreWindows zuwa none, a riƙa amfani da File: Clear Recently Opened don share jerin abin da aka buɗe kwanan nan, a kuma tuna cewa rubutun da ba a adana ba yana iya dawowa duk da haka, sai an adana shi an rufe, ko an kashe files.hotExit. A Notepad++ saitin tuna zama yana cikin sashen Backup na Preferences. Amma a san abin da ake saya da abin da ake sayarwa: kashe shi yana tafiya da kwafin gaggawan nan da ke ceton rubutu idan wuta ta ɗauke, don haka sai hannu ya saba da Ctrl da S. Fulogin mai shafin maraba shi ma ɗan tonon asiri ne, tunda aikinsa ke nan ya jera sunayen fayilolin baya. Kuma kowane fulogin na VS Code yana da ikon da manhajar kanta ke da shi, na karanta fayiloli da na aika bayani ta intanet. VS Code tana ba da damar ware saiti daban-daban a ƙarƙashin Profiles tun farkon 2023, saboda haka ana iya ware ɗaya na koyo mai fulogin ashirin, ɗaya kuma na aiki mai haɗari wanda ba a ɗora masa ko ɗaya ba. Wannan ba ya maye gurbin kulle faifan ajiya da kalmar sirri; yana dai rufe ƙofar da aka fi mantawa da ita.

Ranar da babu sabis

A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu ne. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da zama a duhu makonni bayan haka. Kusan duk jagorar gyaran manhaja da ke yawo a duniya tana farawa ne da zaton mai matsalar zai iya bincikawa a intanet ko ya sauke sabon abu. Wanda ya zauna a Gummi a wancan lokaci ya san darajar wannan zato.

Raunin sabis ma, ba sai katsewarsa ba, yana da hannu a rikicin. VS Code tana sabunta fulogin da kanta idan ta samu intanet, don haka tsarin da ke lafiya ranar Litinin yana iya wayar gari Talata da sabon hali ba tare da mai shi ya taɓa komai ba. Kashe extensions.autoUpdate yana mayar da wannan shawara hannun mai kwamfuta, ya sabunta ranar da yake da data da wuta da lokacin gwaji, ɗaya bayan ɗaya. Idan sabon ya zo da rigima, shafin kowane fulogin yana da zaɓin komawa tsohon zubi, amma wannan na buƙatar intanet, sai fa ga wanda ya riga ya ajiye fayil ɗin fulogin ɗin mai ƙarewa da .vsix, wanda ake ɗorawa kai tsaye daga filashi. Notepad++ tana da zubin da ba ya buƙatar a girka shi, ana gudanar da shi daga filashi da saitinsa a ciki, girmansa kuma 'yan megabayit ne. Littafin jagorar Vim gaba ɗaya yana cikin manhajar, ana buɗe shi da :help ko da babu ko layi ɗaya na sabis.

Filashi ɗaya ya isa ya ɗauki duka: fayil ɗin girka manhajar, fulogin ɗin da ake buƙata da gaske, kwafin foldar saiti da aka ɗauka ranar da komai ke zaune daidai, da ɗan fayil na rubutu mai ɗauke da umarnan nan na buɗewa tsirara. A rubuta kwanan wata a jikin sunan kwafin, domin wanda aka ɗauka bayan rikici ya fara ba shi da amfani.